Harsashin da Ya Sauko Ranar da Aka Tarbe Ni

Shekara tara ke nan da rasuwar Hajo, shekara tara kuma ke nan da aka fara kirana Alhaji. Rana ɗaya abubuwan biyu suka faru, da la'asar ɗaya, kuma har yau na kasa raba su a raina. Mutum zai tare ni a bakin kasuwar Illo ya ce, "Alhaji, an wuni lahiya?" in amsa masa da fara'a kamar kowa, amma can ciki sai in ji kamar sunanta ya kira.

Hajo taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona. Wanda ya tashi da taubashi a gari ɗaya ya san irin zaman da muka yi. Ta girme ni da wata huɗu, kuma ta yi shekara arba'in da 'yan kai tana tuna mini da watannin nan huɗu. Ni malamin firamare ne, kullum rigata da farin alli, don haka ta sa mini suna Malam Alli. Ita kuma sana'arta gumi, wato ta jiƙa shinkafa, ta turara ta a rabin ganga, ta kai filin bayan gari ta shanya, don haka na sa mata Uwar Hayaƙi. Ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Ranar kasuwa matan ƙetare, na ɓangaren Benin, layi suke yi a gabanta, tana ciniki da su da Dandanci, ta juya ta yi da Fulani da Fulatanci, in na gitta kuma ta zage ni da Hausa. Duk garinmu babu wanda nake jin daɗin faɗa da shi kamarta.

Sai na ɗan yi bayanin bindiga a garinmu, domin in ban yi ba mai karatu zai ɗauke mu mahaukata. Mun tashi mun tarar ana buga bindiga idan an ga watan Salla, ko an kawo amarya, ko alhaji ya dawo. Mai buga ta wani tsohon maharbi ne, Baba Gado. Bindigar toka ce ƙirar maƙera. Ranar biki sai ya zauna a gindin tsamiya ya zuba mata albarushi, ya cusa tsumma ya danna da sanda, shi ke nan. Ba ya sa mata dalma, ba ya sa ƙarfe. Yana cewa ta biki ba ta da ɗiya. Duk da haka ba ya buga ta a cikin mutane. Sai ya taka har bakin fadama, ya juya wa gari baya, ya tabbata babu kowa a gabansa, sannan ya saki. Ƙara ta cika gari, hayaƙi ya tashi, mata su rangaɗa guɗa. Mu yara a lokacin mun ɗauka wannan tafiyar tasa zuwa fadama iyayi ne kawai, ko wani sirri na maharba. Bai taɓa zaunar da mu ya ce ga dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Abin da muka riƙe daga wurinsa ɗaya ne: bindigar biki ba ta kisa. Da wannan muka girma, maza da mata, kamar yadda muka san ruwan Kwara gabas yake gangarawa.

Baba Gado ya rasu. Daga baya satar shanu ta yi yawa a yankinmu, samari suka haɗa ƙungiyar sintiri, ƙanena Bala yana cikinsu. Bindigogin da suka shigo hannunsu ba irin ta Baba Gado ba ce. Masu cin harsashi ne, kuma ba a ɗura su da tsumma. Da bikin farko ya zo bayan rasuwar tsohon, babu wanda ya zauna ya yanke shawarar komai. Ana bukatar ƙara, ga masu bindiga a gari, sai suka ɗaga sama suka buga. Aka yi guɗa. Aka yi haka sau da yawa ba abin da ya faru, ni ma ina cikin masu tafi.

Da zan tafi aikin Hajji na je yi wa Hajo sallama. Tana gaban ganga, idonta ja saboda hayaƙi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam Alli, kai ko ka tahi ka dawo, wa za ya sani? Sai dai allo ya yi kewarka." Na yi dariya na ce za ta gani. Wannan maganar na tafi da ita har Makka na dawo da ita. Na yi mata addu'a a can, Allah ne shaidata, amma ban manta ina binta ramuwa ba.

Ranar da muka sauka a Birnin Kebbi na kira Bala a waya. Na tuna kalmomina sarai, don na yi shekara tara ina maimaita su. Na ce, "Bala, in mun iso ina so a buga ta sosai. A ji har ƙetare. Uwar Hayaƙi ta san bawanta ya zama Alhaji." Ya yi dariya ya ce in bar masa.

Mun wuce Bagudo da azahar, mun iso gari bayan la'asar. Mutane sun cika bakin hanya. Na leƙa ta tagar mota ina neman Hajo ban gan ta ba. Aka ce ta aiko a faɗa mini ba a taɓa ganin uwargijiya ta tarbi bawa ba, in na huta in je in gaishe ta. Gaskiyar magana kuma shinkafarta na shanye a fili, ga hadari ya fara haɗowa, ba za ta bar ta ba. Autarta Balkisu, mai shekara goma sha biyu a lokacin, ita ta zo cikin 'yan mata. Ina sauka daga mota aka fara bugawa. Mutum uku ne, Bala da wasu biyu, a tsakiyar jama'a, bakin bindiga a sama. Na ji ƙarar har cikin ƙirjina kuma na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Ban kai ga shiga gida ba sai ga Dije, matar da suke shanya tare da Hajo, ta taho a guje babu ɗankwali. Daga baya ta ba ni labari dalla-dalla. Ta ce suna motsa shinkafa da ƙafa suka ji bindiga. Hajo ta tsaya, ta riƙe ƙugu, ta yi dariya ta ce, "Ga bawana can ya iso, shina hwankama." Sai ta sunkuya za ta ja bakin tabarma. Daga nan ta zauna a kan shinkafar kamar wadda ta gaji. Dije ta ce har ta yi mata tsiya, ta ce ta tashi kada ruwa ya same su. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Yanzu ga inda kaina ke ɗaurewa. A wannan yammacin an ce an yi tsere tsakanin 'yan kwastan da masu fasa-ƙwauri a hanyar daji, can wajen iyaka, kuma wani ya ce ya ji harbi ta can. Filin shanya yana ɓangaren da ke kallon iyakar. Kafin a sallaci gawa da safe, labari ya riga ya zauna: harsashi ne ya ɓato daga ƙetare ya same ta. Ban ce wani ya ƙirƙiri ƙarya ba. Babu wanda ya ma kawo bindigogin tarba a ransa, tunda kowa ya san bindigar biki ba ta kisa. Ni kaina kwana biyu na yi ina tsine wa mutanen da ban sani ba.

Ranar sadakar uku, tsohuwar da ta yi mata wanka ta kira ni gefe. Ta ce, "Alhaji, na wanke mutane da yawa. Wagga rauni ba daga gehe yake ba. Tsakanin wuya da kahwaɗa yas shiga, yay yi ƙasa. Daga sama yaz zo." Ta gyara mayafinta ta koma cikin mata. Bayan wasu makonni na tambayi wani malamin asibiti a Bagudo, na zagaya kamar labarin wani gari nake yi. Ya ce harsashin da aka harba sama dole ya sauko, kuma yana saukowa da ƙarfin da zai huda mutum, musamman idan bakin bindigar ya ɗan karkata. Ya ce yana iya faɗuwa nesa da inda aka harba shi, inda mai harbin ba ya ko hangowa. Na zauna ina kallonsa. Ni ne fa na yi shekaru ina jefa alli sama a gaban 'yan aji huɗu, ina tambayarsu me ya sa ya dawo.

To wa ya kashe Hajo? Na juya tambayar nan ta kowace fuska. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata. Bala ya riƙe, amma abin da yayansa ya sa shi ya yi, kuma su uku ne, babu mai iya cewa ta wane ce. Al'adar ba mu muka ƙirƙiro ta ba, amma mu ne muka ɗauki rabinta muka zubar da rabi. Wani lokacin kuma sai in ce wa kaina, wa ya sani, watakila da gaske daga iyakar ya zo, ai su ma sama suke harbawa. Nakan fake a nan kwana biyu in sami barci, sai in tuna Dije ta ce ana cikin bugawa ne Hajo ta zauna. Liman ya ce mana ajali ne, kuma na yarda ajali ne. Amma ban taɓa jin an ce don ajali gaskiya ne mutum ya ɗaga bindiga a kan gari ba.

Ni da Bala ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya. Bai yi wata biyu ba ya bar sintiri, ya koma Geza wajen surukansa yana noma. Idan ya zo gaishe ni ƙasa yake kallo, ni ma ƙasa nake kallo, mu yi maganar damina da farashin taki mu rabu. Na san ya sani, ya san na sani. Aka daina buga bindiga a gidanmu, na ce wa mutane kunnena ne ba ya so. A sauran gidaje aka ci gaba, ni kuma ban hana ba, domin in na hana sai na faɗi dalili.

Shekara biyu bayan haka mijin Hajo ya bi ta, Balkisu ta dawo hannuna. A gidana ta gama makaranta, a gidana ta zama budurwa. Bakin uwarta ta ɗauko tsaf. Idan na sa hula a karkace sai ta ce, "Kawu, wagga hula gabas taka kallo ko yamma?" Ina da 'ya'ya shida na cikina, kuma dukansu sun san ita ce 'yar gaban goshi. Sun ɗauka tausayin maraici ne. Ni kaina ban san nawa ne ƙauna nawa ne tsoro a ciki ba.

Nakan tambayi kaina me Hajo za ta ce da ta ga yau. Filin shanyarta an yanka shi fuloti. Injinan gyaran shinkafa sun shigo, matan gumi sun ragu. An rufe iyaka an buɗe, ƙawayenta na ƙetare wasu sun mutu, wasu sun tsufa sun bar wa 'ya'yansu kasuwa. Wannan duk na san abin da za ta ce, za ta ce shinkafar inji ba ta da ƙamshi. Wanda ban sani ba shi ne abin da za ta ce idan na nuna mata abin da yara ke nuna mini a waya: saurayi a wajen biki ya ɗaga bindiga da hannu ɗaya yana zazzaga harsashi sama, yana rawa, ƙananan yara a gindinsa sun toshe kunne suna dariya. Ina so in ce za ta tsine masa. Amma Hajo na son ƙarar bindiga fiye da kowa, ita ce ta farko wajen guɗa. Watakila ce mini za ta yi, Malam Alli, kai dai tun kana yaro matsoraci ne. Na rantse ban san wanne za ta ce ba, kuma wannan rashin sanin yana cina.

Bana aka zo neman auren Balkisu. Yaron kirki ne, daga wani ƙauye a ƙetare inda muke da dangi, ni ne waliyyi. Komai ya tafi daidai har sai da baffanninsa, waɗanda gidan farauta ne, suka aiko cewa za su tarbi amarya da bindiga bakwai, don a san ɗiyar mutunci aka kawo musu. Na tambayi ɗan aiken wace iri. Ya ce irin ta yanzu mana, wa ke da lokacin ɗura albarushi. Na ce ban yarda ba. Suka ji haushi, suka ce ko na raina su ne. Matata ta ce na cika taurin kai. Na ce kunnena ne, aka ce ai ni ba na cikin 'yan kai amarya.

Wata safiya ina zaure ina shan koko, Balkisu ta shigo ta durƙusa. Ta ce, "Kawu, mi yas sa ka hana? So kaka yi a kai ni shiru awa bazawara?"

Na ce bindiga ba abin wasa ba ce, ta tuna da mahaifiyarta.

Ta ce, "Ai Inna ba bindigar biki tak kashe ta ba. Kowa ya san daga iyaka yaz zo."

Na dube ta. Shirun da na yi shekara tara ne ya dawo mini ta bakinta, kuma shi ne zai kai ta ta tsaya a ƙarƙashin bindiga bakwai, ita da ƙawayenta da 'ya'yan mutane. In na ci gaba da shiru, zan ci gaba da zama Kawun da take tsokana. In na yi magana, ban san me zan zama ba. Na ajiye kofin na faɗa mata. Na faɗa mata wayar da na yi wa Bala, kalma bayan kalma. Na faɗa mata abin da mai wanka ta ce da abin da malamin asibiti ya ce. Na so in ƙara da cewa ba a tabbatar ba, bakina ya ƙi.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta ɗauki kofin kokon ta fita da shi. Mako uku ba abin da ya haɗa ni da ita sai ina kwana da ina wuni. Hulata ta karkace iya karkacewa babu wanda ya tanka. Daga baya na ji ita da kanta ta aika wa yaron cewa idan aka buga bindiga ko ɗaya ba za ta sauka daga mota ba. Wani tsoho a can ya ce to a bar shi ya buga ta toka, albarushi zalla, a bayan gari. Ta ce ita ma ba ta so. Ni da an tambaye ni da na yarda da wannan, amma ba a tambaye ni ba.

Na rubuto wannan ne domin yanzu da ta sani, babu dalilin da garinmu ba zai sani ba. Mutanen ƙetare sun ɗauki laifin da mai yiwuwa ba nasu ba ne, ni kuma na bar su da shi. Bala, idan wani ya karanta maka, ka yi haƙuri ban shawarce ka ba, ka zo mu yi maganar da ba mu yi ba. Masu biki kuma, ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi. Abin da na sani kawai, duk wanda ya ɗaga bindiga sama, akwai wata mace a bayan gari tana aikinta wadda ba ya gani.

Me ya rage na Hajo? Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Rabin gangarta ma ta yi tsatsa an sayar wa masu gwangwan. Ta bar mata uku ko huɗu da ta koya wa gumi, har yau suna ci da shi. Ta bar 'ya'ya, ta bar wata dariya da nakan ji a bakin autarta. Ta kuma bar ƙauye ɗaya a ƙetare da aka kai amarya babu harbi, ko da yake ban san ko za su sake ba. Na auna wannan duka na ga bai kai ta ba, ko kusa.

Ranar da za a tafi da Balkisu aka kawo ta gabana a lulluɓe, kamar yadda ake yi, don ta nemi gafarar iyaye ni kuma in yi mata nasiha. Gwaggonninta na tsaye, ƙawaye sun cika ƙofa, mota na jira. Ta durƙusa ta ce in yafe mata. Na buɗe baki in yi nasihar da na shirya, sai na ji kaina ina cewa, "Ke za ki yahe mini, Balki." Matan suka dubi juna, ba su gane ba.

Balkisu ta ɗan matso kusa da ni. Sannan ta yi magana daga cikin mayafi, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Nawa na yahe, Kawu. Na Inna kau, ban san wa za ka tambaya ba."

Aka ɗaga ta aka sa ta a mota. Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban samu wanda zan tambaya ba.